Agogon da Ke Tashin Mutanen Gida: Nazarin Lamarin Wani Matashi Mai Farfaɗiya a Kwarin Haɗeja

Matashin da wannan nazari ya shafa yana da shekara 19 lokacin da aka fara ɗaura masa wani agogo da ke kiran mutane idan farfaɗiyarsa ta tashi. Manomi ne ɗan manoma, a wani ƙauye na kwarin Haɗeja inda noman rani ya fi na damina kawo kuɗi. Ni ne ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi da ke mazaɓarsu, kuma na bi lamarinsa wata bakwai, daga tsakiyar hunturu zuwa faɗuwar damina. Da yardarsa da ta mahaifinsa na rubuta wannan bayani, bisa sharaɗin ɓoye sunansa da na ƙauyen, domin har yanzu a wajenmu kalmar farfaɗiya tana iya hana mutum aure.

Yana ɗan shekara 4 zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya yi kwana uku a asibiti bai san inda kansa yake ba, sannan ya warke kamar ba a yi ba. Sai da ya kai shekara 11 ya yi faɗuwar farko a makarantar allo: ya ƙwalla ƙara, jikinsa ya sandare, sannan ya shiga fizge-fizge da kumfa a baki, yara suka watse. Gida aka ce iska ce. An yi shekara biyu ana ruƙya da hayaƙi da rubutun sha, an ware masa kwanon cin abinci saboda ana tsoron yawunsa, alhali farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓawa. Daga baya wani kawunsa ya kai shi birnin Kano, aka yi masa gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira EEG, aka ɗora shi a kan maganin kabamazafin safe da dare. Faɗuwar da yake yi da rana ta ragu ƙwarai, har iyayensa suka riƙa cewa bai fi ya faɗi sau ɗaya a wata biyu ba.

Abin da ya sauya lamarin ba a asibiti ya faru ba, kuma babu wanda ya ɗauke shi a matsayin batun lafiya. Da ya kai shekara 17, kamar kowane saurayi, sai ya tashi daga cikin gida ya koma kwana a shagon da ke jikin zaure, shi kaɗai, da sakatarsa a ciki. Mahaifiyarsa ce ta fi kowa gane abin da aka rasa. Ta ce da ni: "Likita, da yana kusa da ni ko juyi ya yi ina ji, kunnena ne ke gadinsa. Yanzu kuwa an ce ya girma." Wata safiya cikin hunturu bai fito sallar asuba ba. Mahaifinsa ya buga ƙofa har ya gaji, aka ɓalle sakatar, aka same shi a kife, fuskarsa nutse cikin matashin kai, harshensa a cije, jini ya bushe a gefen bakinsa, shimfiɗarsa a jiƙe. Ya farfaɗo, amma tambayar da ta tsaya wa kowa a rai ita ce dare nawa aka yi irin haka ba wanda ya sani.

Tambayar tana da nauyi fiye da yadda iyayen suka zata. Akwai abin da likitoci ke kira SUDEP, wato mutuwar fuju'a ga mai farfaɗiya ba tare da rauni ko nutsewa a ruwa ba, kuma tana ɗaukar kusan mutum ɗaya cikin kowane manya 1,000 masu ciwon a duk shekara. Akasari da dare take faruwa, bayan faɗuwa mai sandarewa da jijjigar jiki gaba ɗaya, kuma sau da yawa a kife ake samun mamacin. Wani babban bincike da aka buga a 2013, wanda ya duba waɗanda suka rasu suna ƙarƙashin na'urorin asibiti, ya nuna cewa numfashi ne ke fara tsayawa bayan jijjigar ta lafa, sannan zuciya ta bi baya. Wanda ke yin irin wannan faɗuwa sau uku ko fiye a shekara haɗarinsa ya ninka kusan sau 15, kuma kwanan wani a ɗaki ɗaya da majinyacin yana rage haɗarin. Matashin nan ya haɗa duka: faɗuwa mai jijjiga, cikin barci, a ɗakin da babu kowa.

Yayansa, wanda ke kasuwanci a Kano, shi ne ya samo agogon ta hannun wani abokinsa da ya dawo daga Ingila. A ido agogo ne kamar kowane, amma a cikinsa akwai ma'aunin motsi da ke lura da saurin girgizar hannu da tsarinta, akwai kuma ɗan koren haske a bayansa da ke ƙirga bugun zuciya ta cikin fata. Jijjigar farfaɗiya tana da nata salo: tana farawa da ƙanƙamewa da karkarwa mai sauri, sannan fizgar ta riƙa tafiya a jere tana raguwa, bugun zuciya kuma ya yi sama. Idan agogon ya ga abin da ya yi kama da haka na wasu daƙiƙoƙi, sai ya aika wa wayar da aka haɗa shi da ita ta Bluetooth, wayar ta yi ƙara, manhajar kuma ta tura saƙo ga lambobin da aka sa mata. Bai san ciwon zai tashi ba tukuna, ba ya kuma tsayar da shi. Aikinsa kiran mutum ne bayan abin ya fara.

Irin waɗannan na'urori ba su daɗe da fitowa daga ɗakunan bincike ba. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da agogon Embrace na kamfanin Empatica, wanda Farfesa Rosalind Picard ta jami'ar MIT ke cikin waɗanda suka kafa shi. Shi yana haɗa motsi ne da sauyin da gumi ke kawowa ga yadda fata ke ɗaukar lantarki, kuma a 2019 aka amince da shi ga yara daga shekara 6. A ƙasar Holan an ƙera NightWatch, wanda ake ɗaurawa a damtse da dare, kuma a gwajin da aka buga a 2018 ya gano kusan kashi 85 cikin 100 na manyan faɗuwar dare, yayin da na'urar da ake sawa ƙarƙashin katifa ta gano kusan kashi 21 kacal a wurin mutanen guda. Akwai kuma masu auna ƙanƙamewar tsokar damtse. A 2021 Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Ƙasa da Ƙasa, wato ILAE, tare da takwararta ta masana gwajin jijiyoyi, ta fitar da ƙa'ida: ana iya amfani da na'urorin da aka tabbatar da ingancinsu wajen gano faɗuwa mai sandarewa da jijjiga, musamman ga wanda ke kwana shi kaɗai, matuƙar akwai wanda zai iya isa wurinsa cikin minti biyar. Ga sauran nau'o'in ciwon ba ta ba da shawarar dogaro da su ba. Wannan sharaɗi na minti biyar shi ne ma'aunin da na riƙa komawa gare shi a duk tsawon aikin.

Kuskuren farko a kan wannan sharaɗi aka yi. Yayan, da yake shi ya saya kuma shi ya iya Turancin manhajar, lambarsa ya sa a farko. A daren da agogon ya fara kira da gaske, saƙon ya tafi Kano, tafiyar awa uku a mota, ga mutumin da ke barci. Da ya gani ya kira mahaifinsu, wayar mahaifin kuwa tana wurin mai caji tun yamma. Ita wayar da ke haɗe da agogon dole ta kwana a shagon, domin Bluetooth ba ya wuce 'yan mitoci, ballantana ta cikin katangar ƙasa, saboda haka ƙararta ta ƙare a ɗakin da babu mai ji sai wanda ke cikin jijjiga. Na'urar ta yi aikinta daidai, amma babu wanda ya zo.

Gyaran da muka yi bai da wani ado. Wani yaro mai gyaran rediyo ya ja waya daga shagon, ta bi saman katanga, zuwa wata ƙaramar sifika da aka rataye a tagar turakar mahaifin, ta yadda ƙarar ba ta jiran sabis, wanda a ƙauyen yakan ɗauke da dare. Muka gwada da rana ina riƙe da agogona: daga tashin ƙara zuwa isar dattijon bakin shagon bai cika minti biyu ba. Saura sakata. A nan aka yi doguwar magana, domin saurayin yana ganin cire ta zubar masa da girma ne, ya ce: "Baba, ni fa ba yaro ba ne." Mahaifin bai yi masa faɗa ba, sai ya ce: "Na sani. To ranar nan da gatari na shigo maka, kana so kullum sai na nemo gatari?" Aka daidaita a kan a riƙa tura ƙofar kawai a saki labule, kuma babu mai shiga sai in sifika ta yi ƙara. Muka kuma musanya masa matashin kai mai laushi da wani siriri mai tauri.

Sannan na zaunar da mutanen gidan, har da matan, na nuna musu abin da za su yi idan sun isa, domin kira ba shi da amfani idan wanda ya zo cokali zai cusa masa a baki. Kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, kada a ɗura masa ruwa ko a turara masa hayaƙi. A janye abin da zai buge, a kwantar da shi a gefensa da zarar jijjigar ta lafa, a tabbata hanci da baki a buɗe suke, a zauna tare da shi har hankalinsa ya dawo. A duba lokaci tun daga farko. Idan jijjigar ta kai minti biyar, ko wata ta biyo wata bai farfaɗo a tsakani ba, to ta zama ta gaggawa: a aiko mini domin ina da diyazefam, maganin tsayar da jijjiga da ake sawa ta dubura, a kuma tashi maƙwabcin da ke da mota. Mahaifiyar ta daɗe tana jinjina batun cokali, domin ita a saninta harshe yake haɗiyewa. Sai da na nuna mata a bakina cewa harshe a ɗaure yake ta ƙasa, kuma haƙoran ɗanta biyu da suka gutsure aikin cokali ne.

Matsala ta biyu ita ce kiran ƙarya, kuma ita ta kusa kashe aikin gaba ɗaya. Waɗanda suka tsara agogon sun san goge haƙora na iya ruɗa shi, amma ba su san aikin fadama ba. Idan saurayin ya ja igiyar injin ban-ruwa sau huɗu a jere, agogon ya kira. Idan ya hau babur a kan hanyar da tayoyin amalanke suka farfashe, ya kira. Ya kira yana sassabe, ya kira yana asuwaki. A makon farko mahaifiyarsa ta fito da gudu babu mayafi sau biyu, a mako na biyu kuwa na ji ƙanwarsa tana cewa "agogon ne kawai" ba tare da ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan gudun. Shi ma ya gaji, abokansa sun fara tambayar me ya sa wayarsa ke ihu a gona. Ya ce da ni: "Likita, da rana ku bar ni in zama kamar kowa." Muka mayar da shi na dare kaɗai, daga bayan isha'i zuwa asuba. Kiran ƙarya ya kusa ɓacewa, an kuma samu damar kai agogon da wayar wurin mai caji da sola kullum da hantsi, tunda ƙauyen ba shi da wutar lantarki.

Na roƙi mahaifin ya riƙa rubuta kowane kira, da ranarsa, da ko na gaske ne ko na ƙarya, da tsawon lokacin jijjigar. Da ajami ya riƙa rubutawa a bayan wani tsohon littafin lissafin taki, kuma wannan littafi ne, a ganina, babban abin da agogon ya haifar. A wata huɗu na farko an samu faɗuwar dare bakwai ta gaske, ga mutumin da ake cewa sau ɗaya yake faɗi a wata biyu. Ba ƙarya iyayen suka yi ba, shi ma bai ɓoye ba. Mai farfaɗiya sau da yawa ba ya tuna abin da ya same shi, sai dai ya tashi da ciwon kai da tsamin jiki. Wani bincike a Jamus a 2007 ya gano cewa majinyata ba sa rubuta fiye da rabin faɗuwarsu, ta cikin barci kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 ce ke wuce su. Likitan da ke duba shi a Kano ya yi shekaru yana yanke hukunci a kan lissafin da bai cika ba.

Da na jera ranakun sai wani abu ya fito fili: biyar daga cikin bakwai ɗin sun faɗo ne a ƙarshen wata ko farkon wani. Na kira saurayin shi kaɗai a ƙarƙashin darbejiyar asibiti, na tambaye shi yadda yake shan magani idan ya kusa ƙarewa. Ya yi shiru, sannan ya ce yakan raba ƙwayar biyu domin ta kai shi ranar da Yaya zai aiko, wani lokaci kuma ya bar ta safe ya sha ta dare kawai, saboda ba ya son ya riƙa tambayar kuɗi. Sauran biyun sun zo ne washegarin daren da ya kwana yana ban-ruwa, tunda a lokacin zafi da dare ake ba alkama da shinkafa ruwa, rashin barci kuwa sanannen mai tayar da ciwon ne. Da an kai wa likita adadin kawai, bakwai a wata huɗu, da wataƙila ya ƙara yawan maganin ko ya haɗa masa da na biyu, a ƙara wa gidan nauyi, shi kuma a ƙara masa jiri da kasala. Da ya ga littafin da bayanin, bai taɓa adadin ƙwayar ba. Ya rubuta na wata uku a lokaci guda, aka ba mahaifiyar ajiya tana miƙa masa safe da dare, ƙanensa kuma ya karɓi ban-ruwan dare. A wata uku da suka biyo baya sau ɗaya sifika ta yi ƙara da gaske, mahaifin ya isa, ya juya shi, jijjigar ta tsaya kafin minti biyu.

Akwai abin da agogon bai taɓa gani ba. Mahaifiyar ta faɗa mini cewa wani lokaci yana cikin cin tuwo sai ya tsaya cak, idonsa a buɗe yana kallon wuri guda, yana tanɗe baki yana mutsutsuka gefen rigarsa, a yi masa magana bai ji ba, bayan kamar minti ɗaya ya dawo yana tambayar me aka ce. Su ba su ɗauke shi farfaɗiya ba, "tunani" suke ce masa. Wannan tashin ciwon ne daga sashe guda na ƙwaƙwalwa, kuma ko agogon na hannunsa ba zai kira ba, domin babu jijjigar da zai auna. Ƙanwarsa ce ta ɗauki bidiyonsa da waya, likitan ya ce wannan ɗan bidiyo ya fi masa amfani wajen tabbatar da nau'in ciwon a kan duk abin da agogon ya tara. Haka kuma akwai dare guda da aka manta ba a kai caji ba, batir ya mutu, sai da safe aka ga harshe a cije. Ga kuma ruwa: wanda ya faɗi a bakin magudanar ban-ruwa ba shi da minti biyar, ko biyu ma, saboda haka dokar da muka kafa ta kada ya je bakin ruwa ko ya zauna kusa da wuta shi kaɗai ba ta da alaƙa da kowace na'ura.

Batun kuɗi ne ya rufe wannan zango. Manhajar tana da kuɗin wata-wata da ake biya da dala, ga data, ga caji, kuma da yayan ya zauna ya lissafa sai ya ga abin da yake kashewa a kan agogon ya zarce kuɗin maganin kansa. Ya tambaye ni ra'ayina, na ce masa idan aljihu ba zai ɗauki biyun ba, magani ne gaba, babu ko tantama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu gwaji da magani yadda ya kamata. A mazaɓarmu kaɗai na san gidaje da dama da ko fenobabiton, mafi arha a cikin magungunan, ba sa samu a kai a kai. Ba zan iya ce wa irin waɗannan gidaje su nemi agogo ba. Amma ba zan ce kuɗin yayan ya tafi a banza ba, tunda ba don wata huɗun nan na ƙirga ba da har yau ana raba ƙwaya biyu a ɓoye.

A wata na bakwai aka bar kuɗin manhajar ya ƙare. Ƙanen, ɗan shekara 14, ya ɗauko tabarmarsa ya koma kwana a shagon, abin da babban ya ƙi a farko amma ya karɓa yanzu, wataƙila don ya ga littafin da idonsa. Yaron yana da nauyin barci, wannan kuwa yana damuna, shi ya sa na sa aka matso da shimfiɗarsu har ƙafafunsu na taɓa juna. Agogon yana cikin kwallar mahaifiyar a naɗe da ƙyalle, wayar sifika kuma ba a kwance ta daga katanga ba, domin an yi magana cewa idan ƙanen ya samu makarantar kwana a Haɗeja baɗi, yayan zai sake biya. Mahaifin yana ci gaba da rubutu a littafin taki, kuma shi zai riƙe shi zuwa Kano ranar komawa wurin likita, bayan an gama shuka.